Yadda Na Bi Diddigin Tsohon Kwabon Biyetnam da Aka Sauya wa Harafi

Kwabon da zan ba da labarinsa tsoho ne na gaskiya, domin an zuba shi fiye da shekara 550 da suka wuce, amma duk da haka jabu ne. Na saye shi a wata kasuwar kayan da a birnin Hanoi, a shekarata ta uku da zama a can, lokacin da na fara ɗaukar kaina wanda idonsa ya buɗe a harkar tsofaffin kuɗin Biyetnam. Kwana goma sha ɗaya ya yi a hannuna ina alfahari da shi, sannan aka yi wuni biyu ana warware mini abin da aka yi masa.

Wanda bai taɓa riƙe irin waɗannan kwabbai ba, ya tuna da anini mai huda a tsakiya, sai dai hudar anini zagayayya ce, tasu kuwa mai kusurwa huɗu ce. Anini da inji aka buga shi, su kuwa narka tagulla ake yi a zuba a mazubi na ƙasa ko na yashi, su fito a jere kamar 'ya'yan itace a jikin reshe, a ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, a jera su a sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu don kada su riƙa juyawa, sannan a goge bakinsu da magagari. A fuskar kowanne akwai haruffa huɗu na rubutun Sin, waɗanda galibi ake karantawa daga sama, sai ƙasa, sai dama, sai hagu. Biyun farko sunan zamanin sarautar da aka zuba kwabon a cikinsa ne, biyun ƙarshe kuma mafi yawanci Thong Bao ne, wato dukiyar da ke yawo a hannun jama'a. A Biyetnam an fara wannan zubi tun zamanin sarki Dinh Bo Linh, wanda ya sa wa mulkinsa suna Thai Binh a shekarar 970, aka ci gaba da shi har zamanin Bao Dai, sarki na ƙarshe, wanda ya sauka a 1945. Abin da wannan tsari ya haifar shi ne, sau da yawa harafi ɗaya tak ne ya raba kwabon da ake sayarwa a tsibi da wanda mai tarawa zai shekara yana nema bai samu ba.

Nawa kwabon an sayar mini da shi ne da sunan Quang Thieu Thong Bao, 光紹通寶, na zamanin sarki Le Chieu Tong, wanda aka ɗora a kan gado a 1516 ana tsakiyar tawayen Tran Cao, ya kuma tsere daga babban birnin a 1522, shekara biyar kafin Mac Dang Dung ya kifar da gidan Le ya kafa nasa. Mulki ne gajere mai cike da tarzoma, don haka kwabbansa ba su da yawa. Akwai kuma wani kwabon da ya yi tarayya da shi a haruffa uku, wato Quang Thuan Thong Bao, 光順通寶, na shekarun 1460 zuwa 1469, farkon mulkin Le Thanh Tong, wanda ya yi shekara 37 a kan gado cikin ƙarfi da wadata. Kwabbansa suna da kyawun zubi, suna kuma da yawa ƙwarai, har yau ana tono su a cikin tuluna sun manne da juna saboda tsatsa. Na san duk wannan tun kafin in saya, amma ban haɗa shi da abin da ke tafin hannuna ba, kuma nan ne kuskurena yake.

Ban saya da ka ba. A gaban mai sayarwa na auna faɗinsa, na samu milimita 24 da ɗoriya, na ɗora shi a ƙaramin sikelin da nake yawo da shi ya nuna giram 3.4, duka biyun kuma sun dace da kwabban gidan Le na wancan ƙarni. Na duba bakinsa na ga ya side sumul irin na abin da ya daɗe yana yawo a hannu, babu layin haɗin mazubi irin wanda ake gani a jikin sabon zubi. Na juya bayansa na ga tsatsa kore mai tauri, da wasu ɗigo-ɗigo shuɗaye, da jar tsatsa tana leƙowa daga ƙarƙashi. Na ɗan danna allura a kanta, allurar ta zame ba ta shiga ba. Na sansana ban ji warin fenti ko na ruwan batir ba. Kuɗin da aka yanka mini zai sayi Quang Thuan kusan talatin, amma bai kai rabin abin da na ji ana sayar da Quang Thieu na ƙwarai ba, sai na ɗauka sa'a ce ta zo mini, na manta da cewa araha ba ta ado.

Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa ranakun Lahadi, tsohon malamin makaranta da ya haura shekara saba'in, wanda ya fara tara kwabbai tun ƙasar tana cikin yaƙi. Ina kiransa bac, kalmar da suke kiran yayan uba da ita da duk wanda ya girmi mahaifin mutum, shi kuma yana kirana chau, kamar yadda ake kiran ɗan ɗan'uwa ko jika. Na miƙa masa kwabon da hannu biyu kamar yadda al'adarsu take, ina jiran yabo. Ya karɓa, ya yi ta juya shi a tsakanin yatsunsa, sannan ya tambaye ni inda na soka allurar. Na ce a bayansa. Ya ce, "Chau, bayan kwabon nan ba shi da laifi, kuma ba bayan ka biya wa kuɗi ba. Haruffa huɗu ne a gaba, a cikinsu guda ɗaya ne ya ci kuɗinka. Shi ka tambaya?"

Na ce, "Bac, ai kwabo guda ne, in bayansa tsoho ne gabansa ma tsoho ne." Bai amsa mini ba, sai ya tashi ya rufe tagar ɗakin ya kashe fitila.

Gwajin farko da muka yi da haske ne. Ya kwantar da kwabon a kan baƙin ƙyalle, ya karɓi wayata ya kunna tocilanta, ya ajiye ta a kan tebur ta yadda hasken zai riƙa zuwa daga gefe yana shafar fuskar kwabon a kwance. A irin wannan haske kowane tudu yana yin inuwa, kowane kwari kuma yana yin duhu. Filin da ke kewaye da haruffan sama da dama da hagu ya fito a baje, da ɗan gautsi-gautsi iri ɗaya ko'ina, amma filin da ke kewaye da harafin ƙasa ya fito kamar akushi, ya ɗan lotsa a tsakiya ya tashi a gefe. Daga nan ya ɗauko reza, ya tsayar da kaifinta a kan kwabon ta ratsa daga baki zuwa baki, ya ce in sunkuya in duba hasken da ke wucewa ta ƙarƙashinta. Da ya ratsa ta kan harafin dama, kan harafin ya kusan taɓa rezar. Da ya ratsa ta kan harafin ƙasa, sai ga wani siririn haske yana wucewa tsakanin harafin da rezar. Bambancin bai fi kaurin takarda ba, amma akwai shi. Bayaninsa shi ne, a mazubi ɗaya aka haifi haruffan huɗu, a hannaye ɗaya suka side, don haka babu dalilin da zai sa ɗaya ya fi sauran gajarta sai in an rage masa tsawo, kuma mai sassaƙa ba ya iya fito da sabon harafi sai ya ci daga jikin tsohon, ya kuma zurfafa filin da ke kewaye don abin da ya rage ya yi kamar yana da tudu.

A nan zuciyata ta fara nema wa kwabon uzuri, kuma uzurin da na kawo ba na banza ba ne. Na karanta cewa a ƙarni na 17 da na 18 an yi ta zuba kwabbai ba a ma'aikatar zubin gwamnati ba, musamman a kudancin ƙasar, ana ɗaukar tsohon kwabo a mayar da shi uwa, wato samfurin da ake fitar da mazubi da shi, wani lokaci ma a gyara masa harafi kafin a danna shi a yashi. Kwabon da ya fito daga irin wannan zubi zai nuna harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, zai nuna lotsawa a kewayensa, kuma duk da haka tsoho ne na gaskiya da aka yi ciniki da shi a kasuwa, masu tarawa suna nemansa da sunansa. Na faɗa wa dattijon haka. Ya yarda cewa akwai irinsu, har ya buɗe akwati ya nuna mini guda biyu, ƙanana marasa kauri, ko giram 2 ba su kai ba. Sai dai ya ce abin da ke raba gardama shi ne fatar ƙarfen. Idan a jikin uwa aka yi gyaran tun da can, to kwabon da aka zuba daga gare ta zai fito da fatar zubi ko'ina, har a cikin lotsawar, domin narkakkiyar tagulla ba ta san inda aka gyara ba. Idan kuwa a jikin kwabon kansa aka yi aikin, to wurin zai nuna sawun kayan aiki, ko kuma ya nuna abin da aka shafa don a ɓoye sawun. Wannan bambanci shi ne abu mafi amfani da na koya a wannan rana, kuma shi ya hana ni daga baya in zubar da kwabbai biyu na ƙwarai don kawai harafinsu ya yi mini baƙo.

Saboda haka muka koma ga gilashi mai ƙara girman abu sau goma, daga baya kuma ƙaramin madubin likita da yake haɗawa da kwamfuta. A kewayen harafin Quang na sama, fatar ta yi kama da ƙasar da aka yi wa yayyafi, 'yan ƙananan ramuka da tuddai ba bisa wani tsari ba, tsatsar kuma ta tsiro ne daga cikin ƙarfen, hawa-hawa, ja a ƙasa kore a sama, wani wurin ta yi ƙyalli kamar gishiri. Gindin kowane layi na harafin ya haɗu da fili a lanƙwashe, kamar yadda gindin tudu ke haɗuwa da fadama. A kewayen harafin ƙasa kuwa, korayen ƙwayoyin duk girmansu ɗaya, sun kwanta kamar garin da aka kwaɓa aka shafa, babu ja ko kaɗan a ƙarƙashinsu, kuma sun taru sun yi kauri daidai gindin layukan, wato daidai inda mai aiki yake da abin ɓoyewa. A wurare biyu inda shafen ya yi ƙaranci, bangon layin ya tsaya cak a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Dattijon ya ce masu wannan aiki sukan kankare tsatsar gaskiya daga kwabban da ba su da daraja, su niƙa ta, su kwaɓa da gam ko danƙo, don haka launin ba ya ƙarya, zaman ƙwayoyin ne ke tona asiri.

Sai da muka kai nan ya sa ni in dubi rubutun kansa, abin da ya kamata a ce da shi na fara. Harafin Thuan yana da ɓangare biyu: a hagu layuka uku ne a tsaye, alamar kogi, a dama kuma akwati ne mai layi biyu a ciki, da rufi a samansa, da ƙafafu biyu a ƙasansa. Harafin Thieu shi ma ɓangare biyu ne: a hagu alamar zaren siliki mai lanƙwasa biyu da 'yan ɗigo a ƙasa, a dama kuma alamar wuƙa a sama da alamar baki a ƙasa, bakin nan kuwa ƙaramin akwati ne wanda babu komai a cikinsa. Wanda ya zauna da haruffan biyu a gabansa zai ga hanyar da mai jabu ya bi. Ya ɗauki ƙasan akwatin Thuan ya share cikinsa ya zama baki, ya sassaƙe samansa da rufin ya fitar da wuƙa, ya kuma kankare ƙafafun biyu gaba ɗaya. Amma a harafin Thieu na asali bakin yana zaune ne a can ƙasa, kusa da bakin kwabo, a nawa kuwa ya ɗage sama ya bar fili a ƙarƙashinsa, domin a inda tsohon akwatin yake dole ya tsaya. Da muka mayar da hasken gefe kan wannan fili, sai ga inuwar ƙafafun nan biyu, dishi-dishi, kamar sawun da iska ba ta gama shafewa ba. Kwana goma sha ɗaya ina kallon wannan wuri ban gan su ba, tun daga ranar kuwa ban ƙara iya duban kwabon ba tare da su ne farkon abin da idona ke sauka a kai ba.

Ɓangaren hagu ya fi wuyar sha'ani, domin layukan kogi a miƙe suke, zaren siliki kuwa yana buƙatar lanƙwasa a inda tsohon harafin ba shi da ƙarfe ko kaɗan. Sassaƙa tana ragewa ne kawai, don haka dole a ce an yi ciko. Dattijon ya ɗauko fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke haska takardun kuɗi da ita. Tsatsar gaskiya ba ta amsa wannan haske, sai ta yi duhu, kuma haka kwabon ya yi ko'ina in ban da gefen hagu na harafin ƙasa, inda wasu layuka biyu suka yi fari-fari mai ɗan shuɗi. Ya gargaɗe ni kada in dogara da fitilar ita kaɗai, saboda akwai gam ɗin da ba ya haskawa, akwai kuma kwabo na ƙwarai da wani ya shafa wa kaki ko man kariya, shi ma ya haska alhali ba a taɓa harafinsa ba.

Kafin mu sa wa kwabon wani ruwa, ya ce a ɗauki hotonsa a kuma ɗebi shafensa, wato surar haruffansa a jikin takarda, tunda abin da za mu yi ba ya komawa. Ya jiƙa siririyar takarda ya ɗora a kai, ya danna ta da burushi mai laushi har ta shiga kowane lungu, ya bari ta kusa bushewa, sannan ya riƙa dangwala mata tawada da ɗan ƙunshin auduga a cikin ƙyalle har haruffan suka fito baƙaƙe a kan farin fili. Ya ɗebi shafen Quang Thuan guda goma sha biyu daga akwatinsa ta wannan hanya, muka riƙa ɗora nawa a kan kowanne a jikin gilashin taga rana tana ratsawa. A na takwas haruffan Quang da Thong da Bao suka hau kan juna layi bisa layi, har da 'yar karkatar da ke ƙafar Bao ta hagu. Shekara kusan hamsin ce tsakanin zamanin kwabban biyu, kuma hannun da ya rubuta uwar wannan ba shi ne ya rubuta uwar wancan ba. Da ya nuna mini hoton Quang Thieu na ƙwarai a cikin wani kundin hotuna, na ga tsayuwar haruffansa ukun nan daban take da ta nawa.

Ya tambaye ni ko na yarda a ci gaba, domin in na tsaya a nan zan iya mayar wa mai sayarwa da kayansa yadda ya ba ni. Na yi tunani na ce a ci gaba, saboda gani ya kori ji. Ya tsoma auduga a asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, ya fara da bayan kwabon, ya goga sau goma audugar ta fito fara sai ɗan datti. Ya sake sabuwa ya goga a kan harafin Thong, ita ma haka. Da ya kai ta kan harafin ƙasa, a gugar farko ta fito kore shar. Asiton ba ya narkar da tsatsar tagulla, abin da yake narkarwa shi ne gam da danƙo da fenti, shi ya sa gwajin ba ya cutar da kwabo na ƙwarai. Cikin minti biyar filin da ke kewaye da harafin ya buɗe, sai ga ƙarfe ja-ja mai ƙyalli, da 'yan siraran layuka a jere a jere duk sun fuskanci gefe ɗaya, a wasu lungunan kuma da 'yan zagaye-zagaye irin na ƙaramin injin gurza da masu gyaran haƙori ke riƙewa. Cikon na hagu bai motsa ba a ranar. Muka bar kwabon a cikin kwalba mai murfi ya kwana a asiton, washegari da na dawo cikon ya kumbura ya yi laushi, dattijon ya sa tsinken gora ya ɗaga shi ya fita kamar ɓawon gyaɗa. A ƙarƙashinsa ga ragowar layukan kogi uku, an yanke na tsakiyar gida biyu.

Na tambaye shi ko da na kai kwabon inda ake da na'urar da ke harba haske ta faɗi ƙarafan da ke cikin abu, da ta cece ni. Ya ce da ta faɗa mini akwai tagulla da dalma da kuza gwargwadon yadda ake samu a kwabban ƙarni na 15, kuma da gaskiya ta faɗa, da na fito ina ƙara sakankancewa. Haka ma gwajin ƙara, wanda ake sakin kwabo a kan tebur a saurara. Bai yarda da shi ba sam, domin tsohon kwabon da tsatsa ta ci yana iya tsagewa, kuma wanda aka sassaƙa wa harafi ƙararsa ba ta sauyawa. Duk gwajin da na yi a kasuwa tambaya ɗaya suke amsawa, wato ko ƙarfen tsoho ne, mai jabu kuma ya riga ya sayi wannan amsa da kuɗin Quang Thuan guda.

Da yammacin rana ta biyu ya fito da wani ƙaramin akwati da ya keɓe wa irin waɗannan, ya ce kusan rabinsu shi ma da kuɗinsa ya saya yana murna. Akwai wanda aka yanke harafi ɗaya daga jikinsa gaba ɗaya, aka yanko wani daga kwabo na biyu aka dasa a gurbin, ta yadda kowane harafi zubi ne na gaskiya, sai dai in an duba da gilashi a ga siririn layi mai kusurwa huɗu ya kewaye shi, launin ƙarfen ciki kuma ya ɗan saɓa da na waje. Akwai wanda aka goge bayan kwabo ɗaya da fuskar wani har suka yi fele-fele, aka manne su suka zama guda, don a samu fuska da bayan da ba a saba ganinsu tare ba. Wannan kam a bakinsa ake kama shi, inda layin haɗin yake zagayawa, kuma shi kaɗai ne ƙararsa ke mutuwa. Akwai waɗanda aka gina wa harafi a baya da zallar danƙo, domin a wasu zamunan harafi ɗaya a baya, na nauyi ko na wurin zubi, yana ninka daraja. Ya kuma ja kunnena game da kwabban Sin, waɗanda suka yi ta shigowa Biyetnam ɗaruruwan shekaru har ana samun su a tulu ɗaya da na gida. Kwabon Taiping Tongbao na gidan Song, na shekarun 976 zuwa 984, yana da yawa da araha, kuma ya yi kusan tarayya a haruffa uku da kwabon Dinh Bo Linh, wanda kowane mai tarawa ke so saboda shi ne na farko. Ya ce duk lokacin da aka miƙo mini kwabo mai wuyar samu, kafin in ɗauki sikeli in fara tambayar kaina wane kwabo mai araha ne ya raba haruffa uku da shi, sannan in kai gilashina kan na huɗun. Ga Quang Thieu akwai Quang Thuan, ga Canh Thong akwai Canh Hung mai yawa kamar ƙasa, na zamanin da ya kai daga 1740 zuwa 1786, ko da yake shi zubinsa da ƙarfensa sun sha bamban, ba zai yaudari wanda ya saba ba.

Ranar Asabar na koma kasuwar da kwabon da hotunan da na ɗauka kafin gogewa da bayanta. Mai sayarwar ya duba, bai yi musu ba, bai kuma nuna mamaki ba. Ya ce shi ma a cikin tsibi ya saye shi daga wani da ya zo daga ƙauye, kuma tunda na wanke masa tsatsa ba zai iya karɓa ba. A ganina yana iya yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin irin wannan kaya yakan ratsa hannu uku ko huɗu kafin ya iso tebur, kowa kuma yana da dalilin da zai sa kada ya ƙura masa ido. Bayan 'yar jayayya ya ba ni Quang Thuan biyar da Hong Duc uku, su ma na mulkin Le Thanh Tong, a madadin wani ɓangare na kuɗina, na tsaya a gabansa na haska kowanne da tocila daga gefe kafin in sa a aljihu, yana kallona yana dariya.

Kwabon yana nan a wurina a Hanoi, a cikin ambulan ɗin takarda. Na soke sunan Quang Thieu da na rubuta a kai da farko, a ƙarƙashinsa na rubuta Quang Thuan Thong Bao, 1460 zuwa 1469, an sassaƙa harafin ƙasa an yi masa ciko a hagu, nauyi bayan cire ciko giram 3.3. Ɓawon cikon da tsinken gora ya ɗaga shi ma na naɗe shi a 'yar takarda na sa a ciki, tare da shafen da dattijon ya ɗiba kafin mu taɓa shi.